Maƙiyin Yana Cikin Katifa, Uwargida

Zancenmu na wannan mako na ɗakin kwana ne, kuma zan fi karkata shi wajen 'yan uwanmu na ƙasar Gaya da Ajingi, ko da yake abin ya shafi kowace mace mai ɗaki ko ina take zaune.

Ra'ayina a taƙaice shi ne, yawan kayan laushi da muke cusa wa ɗakunanmu saboda ado da gudun gori yana ƙara wa masu ciwon asma wahala, kuma duk macen da Allah ya ba ta ɗa mai wannan ciwo ya kamata ta fifita numfashinsa a kan kyan ɗakinta. Na san wasu za su ce na shiga sharo ba shanu, domin ɗakin mace shi ne sirrinta, shi ne kuma abin tinƙahonta. To, ku yi mini haƙuri ku ji dalilina tukuna, sa'an nan kowa ta yanke hukunci.

Da farko ya kamata mu san ciwon. Asma ciwo ne na hanyoyin da iska ke bi ta shiga huhu. Ga mai ciwon, waɗannan hanyoyi kullum a ɗan kumbure suke, kuma da sun haɗu da abin da ba sa so sai su tsuke, majina ta taru a ciki, numfashi ya yi wuyar fita. Shi ya sa za ki ji ƙirjin yaro yana kuka kamar na kyanwa, yana tari cikin dare, yana zaune ya kasa kwanciya. Mutanenmu da yawa suna rikita shi da tarin fuka, alhali kuwa ba ɗaya ba ne. Tarin fuka ƙwayar cuta ce ke kawo shi, kuma ana ɗaukarsa daga wani. Asma kuwa ba a ɗaukarta, ko da an ci abinci kwano ɗaya, ko an kwana gado ɗaya. Takan bi jini a wasu gidaje, tare da yawan atishawa, da toshewar hanci, da ƙaiƙayin ido da borin jini.

Ciwon ba na wasa ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutum miliyan 262 ne ke fama da asma a duniya, kuma ta yi sanadin mutuwar mutum 455,000 a wannan shekara. Mafi yawan waɗanda suka mutu a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi suke, irin namu, inda ba a gane ciwon da wuri, ba a kuma samun magani yadda ya kamata.

A nan ƙasarmu, da an ce asma sai kowa ya ɗora wa hunturu laifi. Gaskiya ne ƙurar hunturu da sanyinsa suna tayar da ciwon, babu mai musun wannan. Amma ki tambayi uwar da ke da ɗa mai asma, da yawansu za su gaya miki cewa a tsakiyar damina, lokacin marka, sa'ad da babu ƙura ko kaɗan a sararin sama, a nan ne suka fi kwana a zaune. Wannan ba sabon abu ba ne ga likitoci. Tun a shekarar 1975 wani likita mai suna David Warrell da abokan aikinsa suka buga sakamakon binciken da suka yi a kan masu asma 106 a Zariya. Kashi 45 cikin 100 na waɗannan majinyata ciwonsu ya fi tsanani ne da damina, kuma da aka duba ƙurar katifu sai aka sami wasu ƙananan ƙwari a cikinta. Yanayin Zariya da na Gaya ba su da nisa da juna, katifunmu kuma iri ɗaya ne.

Waɗannan ƙwari su ne nake kira ƙwarin ƙura. Kada ki ɗauka kuɗin cizo nake nufi, ko ƙuma, ko ƙwarƙwata. Ƙwaron ƙura ba ya cizo, ba ya shan jini, kuma ido ba ya ganinsa sai da madubin likita, domin sai an jera uku ko huɗu kafin su kai tsawon milimita ɗaya. Ƙafafunsa takwas, watau dangin kaska ne da gizo-gizo. Abincinsa shi ne ɗan ɓawon fatar da ke zuba daga jikinmu kullum ba mu sani ba, musamman in muna barci. Saboda haka babu inda ya fi masa daɗin zama kamar katifa, da matashin kai, da bargo, da kafet, da kujerun kushin. Tamatarsa kan yi ƙwai da dama cikin rayuwarta ta wata biyu zuwa uku, don haka ba a jimawa katifa guda ta zama gari.

Abin da ke cutar da mai asma shi ne kashin ƙwaron da ɓurɓushin gawarsa. Kowane ɗaya kan yi kashi kamar sau 20 a rana, ƙanana ƙwarai, su gauraya da ƙura. In aka juya a kan katifa, ko aka kaɗe zanen gado, sai su tashi a shaƙe su. Ga mai lafiya ba kome, amma ga wanda jikinsa ke ƙinsu, kamar an watsa masa barkono ne a ƙirji. Mutane sun daɗe da sanin ƙurar ɗaki tana tayar da asma, amma sai a shekarar 1964 ne wasu masana a garin Leiden na ƙasar Holan, watau Voorhorst da Spieksma, suka nuna cewa wannan ƙwaro shi ne babban mai laifin.

To, me ya haɗa shi da damina? Ƙwaron ƙura ba ya shan ruwa da baki, daga laimar iska yake tsotsar ruwan da jikinsa ke bukata. In laimar iska ta sauka ƙasa da kashi 50 cikin 100 ta daɗe a haka, sai ya bushe ya mutu. In ta kai kashi 70 zuwa 80, ga ɗumi, sai ya yi ta hayayyafa. A ƙasar Kano, hunturu yakan busar da iska har leɓe ya tsage, ƙafa ta yi faso, kuma a lokacin yawancin ƙwarin sukan mutu, sai 'yan kaɗan da suka laɓe can cikin katifa inda gumin mai barci ke isa gare su. Daga watan Yuni zuwa Satumba kuwa, musamman Agusta, iska ta cika da laima, bango ya jiƙe, ashana ta ƙi kamawa, gishiri ya narke a kwano, a nan ne kakarsu ke yankewa.

Yanzu ku zo mu leƙa ɗakin amarya irin na yau, ko a cikin garin Gaya, ko a Ajingi, ko a ƙauyukan da ke kewaye. Gado babba da katifa mai kauri, wani lokaci har biyu a ɗora. Matasan kai shida ko takwas, alhali da biyu kawai ake kwana. Kafet mai gashi daga bango zuwa bango. Kujerun kushin sun cinye sauran filin. Labule mai nauyi ninki biyu a ƙofa da taga, har ma a jikin bango inda babu taga. Barguna a kan sif, akwatunan lefe a ƙarƙashin gado, ga 'yar tsana mai gashi an ɗora a kan gado don ado. Taga kuwa a rufe take kullum, don kada ƙura ta ɓata jere. Ɗakin da iska ba ta ratsa shi, rana ba ta leƙa shi, ga laushi ko ina, ai an gina wa ƙwarin ƙura gidan sama ke nan, an kuma ba su mabuɗi.

Ku tuna ɗakin kakanninmu. Daɓe ne a ƙasa, da tabarma wadda ake naɗewa da safe a jingine, da gado da 'yar katifar da yarinya ma za ta iya ɗauka ta kai tsakar gida. Adonsu na ƙwarya ne da tasa da kwalla, abubuwan da ake gogewa da tsumma. Ba ina cewa mu koma wancan zamani ba ne, su ma suna da nasu matsaloli, ga hayaƙin murhu a ɗaki, ga awaki a ƙofa. Abin da nake nunawa shi ne, duk abin da ke cikin ɗakin nan ana iya fitar da shi rana ko a wanke shi. Ɗakinmu na yau kuwa, tun ranar da aka yi jere, akwai kayan da ba za su sake ganin rana ba sai ran da za a tashi daga gidan.

Wata za ta ce, ai ni kullum sai na yi shara sau biyu, ɗakina ko tsinke ba ka gani. Madalla, tsabta cikon addini ce. Amma tsabtar da ido ke gani daban, wadda huhu ke ji daban. Tsintsiya busasshiya a kan kafet ba ta cire ƙurar, sai dai ta tayar da ita sama ta sake sauka a kan gado. Ƙwaron ma da ransa yana maƙale da zaren kafet da ƙafafunsa, tsintsiya ba ta iya ɓamɓaro shi.

Yaya za ki gane ƙwarin ƙura suna da hannu a ciwon ɗanki? Ki lura. In yana tashi da safe da atishawa a jere da toshewar hanci, in tarinsa ya fi yawa cikin dare bayan ya kwanta, in ciwon na tashi sa'ad da ake gyaran gado ko aka buɗe tsohon akwati, in kuma yakan sami sauƙi lokacin bazara da ake kwana a tsakar gida, to, akwai alamar tambaya a kan shimfiɗarsa. Ba kowane mai asma ne jikinsa ke ƙin wannan ƙwaro ba, kuma a manyan asibitoci likita na iya yin gwajin fata ko na jini ya tabbatar. Amma gyaran da zan faɗa ba ya cutar da kowa, kuma galibinsa ba ya cin kuɗi.

Abu na farko shi ne rana. Mutanen Turai suna kashe kuɗi masu yawa wajen sayen na'urorin busar da iskar ɗaki, mu kuwa Allah ya ba mu rana kyauta. Zafin rana kai tsaye na 'yan sa'o'i yana kashe ƙwarin da ke cikin darduma da bargo da matashin kai. Saboda haka, ko da sau ɗaya ne a mako, a fitar da shimfiɗar mai asma tun hantsi, a shanya ta a kan siminti ko a kan katanga inda rana ke duka sosai, a juya ta da azahar, a ɗauke kafin la'asar sakaliya, kada raɓa ta same ta. Da damina, duk ranar da gari ya buɗe kada ki bari ta wuce. Amma fa ki sani, rana tana kashe ƙwaron ne kawai, kashinsa yana nan. Don haka bayan shanya sai a bubbuga katifar da sanda a can nesa da ɗaki, kuma mai ciwon kada ya kasance a wurin.

Abu na biyu, wanki. Zanen gado, da rigar matashi, da mayafin da yaro ke lulluɓa da shi, a wanke su kowane mako. Ruwan da ya kai zafin digiri 60 shi ke kashe ƙwarin. Ba sai kina da ma'aunin zafi ba, in kika haɗa kashi biyu na tafasasshen ruwa da kashi ɗaya na ruwan randa a baho, kika tsoma kayan, kika rufe kamar minti 15, kin yi abin da ake so. Sai ki yi hattara da yara masu rarrafe, kada garin neman gira a rasa ido. Na san itace ya yi tsada, ruwa kuma a wasu ƙauyukan sai an yi tafiya ko an saya wurin 'yan garuwa. In babu halin dafa ruwa, wanki da ruwan sanyi da sabulu yana fitar da mafi yawan kashin ƙwarin, sa'an nan rana ta ƙarasa sauran aikin. Gidan sauro kuwa hukuncinsa daban ne, shi da ruwan sanyi ake wanke shi a hankali, a shanya shi a inuwa, don kada maganin da ke jikinsa ya lalace. Kada wata ta ce za ta cire shi saboda ƙura, zazzaɓin cizon sauro ba ya jiran kowa.

Abu na uku, katifar kanta. Akwai rigunan katifa na musamman masu matsattsen saƙa waɗanda ƙwaron da kashinsa ba sa iya ratsawa. In ba a same su ba, ko kuɗinsu ya yi yawa, sai a sami leda mai kauri irin wadda ake rufe katifun asibiti da ita, a kai wa tela ya ɗinke katifar ciki ruf, sa'an nan a shimfiɗa zane mai kauri a kai saboda gumi. Ita wannan, tsumma mai ɗan danshi ya isa ya tsabtace ta. Amma kada a sa wa jariri sako-sakon leda a shimfiɗa, domin tana iya rufe masa hanci. Katifar da ta tsufa ta ruɓe, ko ta audugar rimi da aka gada tun daga kaka, ba ta dace da mai asma ba. Haka kuma bargon gwanjo, kada a lulluɓa da shi sai an wanke shi da ruwan zafi ya sha rana.

Abu na huɗu, shi ne wanda na san za a fi jin zafinsa. A ɗakin da mai asma ke kwana, a naɗe kafet a fitar da shi. Siminti, ko ledar tsakar ɗaki, ko tayil, duk sun fi shi, domin ana goge su da ruwa. A rage matasan kai zuwa waɗanda ake kwana da su. A sauke labule mai nauyi a sa marar nauyi wanda za a iya wankewa duk wata. 'Yar tsana mai gashi ta bar kan gado. In ɗaki biyu gare ki, kujerun kushin su koma falo. In ɗaya ne, to, aƙalla kada yaron ya riƙa barci a kansu.

Abu na biyar, iska da laima. A buɗe taga da rana iska ta ratsa, ban da ranakun da hazo ya yi yawa. Kada a shanya jiƙaƙƙen wanki a ɗakin kwana da damina, a nemi rumfa ko zaure. Randa ta koma waje, domin jikinta kullum yana tsatsar ruwa. Inda rufi ke yoyo, ko bango ke jiƙewa yana furfura, a gaya wa maigida ya gyara tun kafin ruwa ya sauka, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Sa'an nan ga wata al'ada tamu ta manoma. Ƙasar Gaya da Ajingi ƙasar noma ce, da kaka ta yi sai ka ga buhunan gero da wake da gyaɗa an jibge su a ɗakin uwargida, wasu har ƙarƙashin gado, saboda tsoron ɓarayi. Hatsin da aka ajiye yana da nasa irin ƙananan ƙwarin, dangin waɗannan, ga ƙaiƙayi, ga ɓera da kyankyaso da yake jawowa, kuma dukkansu suna tayar da asma. A nema wa hatsi wurinsa daban.

Abu na shida, yadda ake shara. A yayyafa ruwa kafin a sa tsintsiya, a goge sif da gado da taga da tsumma mai danshi maimakon kaɗewa. Kashin ƙwarin ƙura yana da ɗan nauyi, yakan sauka ƙasa bayan ɗan lokaci, saboda haka mai ciwon ya fita in za a yi shara, kada ya dawo sai bayan rabin sa'a ko fiye. A nan ina roƙon iyaye mata, yarinyar da ke da asma kada a ce lalle ita za ta yi shara, ko kaɗe katifa, ko shiƙa, ko hura wuta. Aikin gida ba ya ƙarewa, a ba ta wanke-wanke, ko tsintar shinkafa, ko goyon ƙani. Ba ƙiwuya take yi ba.

Kada kuma a ce za a yi wa ƙwarin ƙura feshi. Fiya-fiya da sauran magungunan feshi ba sa isa cikin katifa inda suke, warinsu kuma shi kansa yana iya kai mai asma asibiti. Haka nan maganin sauro na kunnawa. Turaren wuta ma, duk da daɗin ƙamshinsa da matsayinsa wurin mace, hayaƙi ne, huhun mai asma kuwa bai san bambancin hayaƙin hawi da na kara ba. In za ki turara ɗaki, ki yi sa'ad da yaron ya tafi makaranta, ki buɗe taga hayaƙin ya fice kafin ya dawo.

Na san abin da ke ran wasunku. Me dangin miji za su ce in sun shigo sun ga ɗaki fayau? Kishiya fa, ba za ta ce an sayar da kayan ne saboda babu ba? Iyayena da suka sayar da akuya, suka ci bashi suka yi mini jere, in naɗe kafet ɗinsu in jingine? Waɗannan tambayoyi ne na gaskiya, ba na raina su. Amma uwargida, masu gorin nan ba sa nan da ƙarfe biyun dare sa'ad da yaro ke neman numfashi, ana buga ƙofar maƙwabta ana neman mai babur da zai kai ku asibiti. Ba kuma su za su biya kuɗin gado da na magani ba. Kafet ɗin bai ɓata ba, a ajiye shi a shimfiɗa ran suna ko ran salla, ko a kai shi ɗakin da mai ciwon ba ya kwana. Ki zauna da maigida da uwar miji ki yi musu bayani cikin ladabi, in ya yiwu ma ku tafi asibiti tare su ji daga bakin likita. Babu kakar da za ta fifita labule a kan jikanta in ta fahimci zancen.

Ku kuma iyayen amare, tunda da an gama kaka za a shiga hidimar bukukuwa, ku duba wannan. In 'yarku tana da asma, ko angon yana da ita, ko ciwon yana cikin danginku, kuɗin da za a zuba wa kafet a sa shi a gyaran daɓen ɗaki da zannuwan gado masu yawa, waɗanda za ta riƙa canzawa tana wankewa. Wannan ma gata ne, kuma ya fi daɗewa.

Sai dai dole in faɗi iyakar abin, kada wata ta ɗauka gyaran ɗaki ya ɗauke mata zuwa asibiti. Babu mai iya ƙarar da ƙwarin ƙura ƙaf daga gida, rage su kawai ake yi. Binciken likitoci ya nuna cewa ɗaukar mataki guda kaɗai, kamar rufe katifa a bar sauran, ba ya kawo sauƙin a zo a gani. Sai an haɗa matakan, an kuma dawwama a kansu, tare da magani. Maganin shaƙa, wanda ake kira inhela, iri biyu ne. Akwai mai buɗe ƙirji nan take in ciwon ya tashi, galibi shuɗi ne, irin su Ventolin. Akwai kuma na rigakafi wanda ke kwantar da kumburin ciki, wanda ake shaƙa bisa ƙa'idar da likita ya ɗora, ko da mutum yana jin garau. Tun shekarar 2019 manyan masana ciwon asma na duniya suka daina ba da shawarar manya da matasa su dogara da shuɗin shi kaɗai. Maganar da ake yaɗawa cewa wanda ya fara shaƙar inhela ya kamu ke nan ba zai iya bari ba, ba gaskiya ba ce, ta kuma hana yara da yawa samun sauƙi. Ga ƙananan yara da ba su iya shaƙa daidai ba, akwai wani ɗan bututu da ake haɗawa da inhelar, kuma wani bincike da aka yi a birnin Cape Town na Afirka ta Kudu a shekarar 1999 ya nuna cewa gorar roba ta rabin lita da aka gyara tana iya yin wannan aiki. Ki roƙi ma'aikacin lafiya ya nuna miki yadda ake yi.

In kuwa kika ga yaro ya kasa ƙarasa magana saboda haki, ko haƙarƙarinsa na shiga ciki in ya ja numfashi, ko leɓensa ya canza launi, ko an shaƙa magani bai lafa ba, to, ba lokacin jiƙe-jiƙe ba ne, ba kuma lokacin jiran gari ya waye ba ne. A nufi asibiti mafi kusa nan take. Ga Babban Asibitin Gaya, in abin ya fi ƙarfinsu kuma su tura ku Kano, Asibitin Murtala ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano.

Ku kuma 'yan mata 'yan makaranta, musamman na makarantun kwana, wannan darasi naku ne tun yanzu. Ran Asabar in an yi wanki, ki fitar da katifarki da matashinki su sha rana. Katifar da ta yi hutu a ɗakin ajiya, kada ki kwanta a kanta ran da kuka dawo sai kin shanya ta. In kina da asma ki gaya wa malamar da ke kula da ɗakin kwana tun farkon zango, a sauya miki aikin shara da wani, inhelarki kuma ta kasance a aljihunki, kada ki kulle ta a akwati don kunyar ƙawaye. Ku da ba ku da ciwon, kada ku guji mai shi, kada ku yi mata dariya. Abin da kuka koya a darasin kimiyya game da ƙananan halittun da ido ba ya gani, ku kai shi gida ku yi wa iyayenku bayani, domin uwa takan ji maganar 'yarta mai karatu.

'Yan uwa, ba na ce a bar ado ba, mace da ado aka san ta. Na ce ne a duba wanda ke kwana a ɗakin kafin a cika shi. A fara da abin da ya sauƙaƙa cikin wannan mako: a fitar da katifa rana, a wanke zanen gado, a buɗe taga. A mako na gaba a naɗe kafet. Bayan wata biyu ko uku, ki lura da barcin ɗanki, ki ƙirga daren da ya tashi da tari, ki kai wa likita labari. Rigakafi ya fi magani, in kunne ya ji kuma jiki ya tsira.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya raya mana zuriya cikin ƙoshin lafiya, amin. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.